Ƙarar bayan mota: kowace da maganarta

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Gidan Sori zuwa Tsibiri ko Maraɗi ya san ƙwal-ƙwal ɗin nan da ke tasowa daga ƙarƙashin kujerar baya. In fasinja ya yi magana, sai direba ya ƙara muryar rediyo, ya ce halinta ne. Alhali ƙarfe ba ya kuka a banza: ko dai wani abu ya kwance, ko ya cinye, ko ya karye.

Tambayar farko ita ce: yaushe ƙarar ke zuwa? In sai mota ta faɗa rami ko gargada ake jin ta, kuma ta yi shiru da an hau kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1, a fara da abin da bai cin kuɗi. Sau da yawa tayar ajiya ce ba a ɗaure ta ba, ko kuwa robar da ke riƙe da bututun hayaƙi ta tsinke, yana dukan gangar mota. In ba su ba ne, a dubi amortisar, wadda maƙwabtanmu na Katsina ke ce ma shokazoba. A danna bayan motar da ƙarfi, a saki. In ta yi ta rawa fiye da sau ɗaya ko biyu, ko aka ga mai ya jiƙa jikin amortisar, ta mutu.

Ga motocin da ke kan lam, irin su Hiace da Peugeot 504 ta ɗaukar kaya (wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna), nan ne babbar matsala take. Lam ganyayen ƙarfe ne da aka jera, aka ɗaure su da gatarin baya. An yi su don wani nauyi sananne, mu kuwa muna ɗora masu buhunan gero da wake da aya, da awaki, da mutane bisa kaya. Ganye ɗaya ya tsage, sauran su ɗauki nauyinsa har su bi shi. Ranar da babban ganye ya karye, gatari na iya gocewa, mota ta bar hanya da duk wanda ke cikinta. Jan gari mai kama da tsatsa kewaye da ƙusa alama ce ƙarfe na cin ƙarfe. Ɗaurin igiyar roba da wasu ke yi, ni a ganina, ƙarar kawai yake ɓoyewa.

Akwai kuma ƙarar da ba ruwanta da rami: ƙwas guda ɗaya lokacin da aka taka totur ko aka sake shi. Wannan yawanci mahaɗin kardan ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ko haƙoran cikin gatari da suka yi sako-sako. Gurnani mai ƙaruwa tare da gudu kuwa rulma ce. Bayan tafiya, a kan ji tsakiyar wannan tayar ta fi ƴar'uwarta zafi.

Wadda ba ta jira a kai gareji ita ce ƙarar da ke bin juyin taya, tana sauri in mota ta yi sauri. A tsaya nan take, a gwada notinan taya ɗaya bayan ɗaya. In kuma dole ce a ɗaga mota cikin rairayi irin namu, a sa katako mai faɗi ƙarƙashin jak, a tokare tayoyin gaba, kuma kada a tura yaron mota ƙarƙashinta tana bisa jak kaɗai.