Ku Bar Mai Son Lissafi Ya Karanta Fiziks

A kowane aji na Islamiyya akwai yaro ko yarinyar da in an zo darasin rabon gado, kafin malam ya gama faɗin sudusi da sumuni sun riga sun fitar da amsa. Irin wannan yaro in ya ce fiziks zai karanta, sai a ce masa: "Kai, me za ka ci da shi? Je ka zama likita." Ni dai ina ganin kuskure ne.

Ku dubi Rolf Landauer, wanda aka haifa a Jamus a 1927, ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka. Tambayarsa ita ce: yaya lantarki ke wucewa ta wayar da ta yi siriri matuƙa? Ana auna irin wannan waya da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. A can, ƙwayar lantarki tana tafiya ne kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya ga ruwan Matan Fada a Argungu ya san ruwa na ƙaruwa sannu a hankali in mashiga ta faɗaɗa. To, a wannan 'yar mashiga lantarki hawa-hawa yake ƙaruwa, kamar matakala.

A 1957 Landauer ya rubuta lissafinsa. Sai a 1988 masu gwaji a Holan da Ingila suka ga matakalar nan da na'urorinsu. Shekara 31 ke nan! Yau masu nazarin ƙananan sassan kwamfuta da wayar hannu suna aiki da lissafin nasa.

Na yarda, aikin ba ya kawo kuɗi da wuri, kuma uban da ya sayar da shinkafarsa ya biya kuɗin makaranta yana da hakkin tambaya. Amma fa wannan fanni jarinsa alƙalami ne da takarda da kwamfuta, ba sai da ɗakin gwaji mai tsada ba. Ba baƙo ba ne gare mu: Alhawarizmi ya ware babban sashe na littafinsa na aljabara ga matsalolin gado, Muhammad Alkashinawi kuwa, masanin lissafi daga Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Makarantar ma ta matso kusa. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Baba, in za a cike takardar JAMB bana, a tambayi yaron tukuna.