Ƙananan ƴan kasuwa: arziki na haɓaka a takarda, ciniki na ja da baya a rumfa

A shekarar 2024 tattalin arzikin Nijar ya haɓaka da fiye da kashi 8 cikin 100, abin da ƙasashe kaɗan suka samu a Afirka. Ɗanyen man Agadem da aka soma fitarwa ta bututun da ya nufi gaɓar tekun Benin, da daminar da ta yi albarka duk da ambaliya, su ne suka ɗaga alƙaluman. Sai dai mai butiki a Maradi, da tela a Damagaram, da mai walda a Tawa ba su sayar da ɗanyen mai. A wannan shekarar farashin kaya ya hau da kimanin kashi 9 cikin 100, kuma magidancin da kuɗinsa suka ƙare a cimaka ba ya ɗinka sabuwar riga, ba ya sake ƙofar gida.

Asalin matsin sananne ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA sun rufe iyakoki, sun toshe asusun gwamnati a babban bankin BCEAO, Najeriya kuma ta katse kuran ɗin da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris. Amma gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, kayan da a da ke zuwa daga Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja. Hanyar ta fi tsawo da tsada, kuma ba a san ranar isowa ba. Babban ɗan kasuwa na iya jiran kwantenarsa makonni. Wanda jarinsa duka ke cikin mota guda, jiran nan rufe butiki ne.

A kudancin ƙasar akwai wata matsalar da ba a cika lissafawa da ita a Yamai ba, wato naira. Tun da Najeriya ta saki kuɗinta a watan Yunin 2023, dala guda ta tashi daga naira 460 da ƴan kai zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a hannu ya ji daɗin sayayya a Kano da Katsina, robobi da yadi da sabulu suka yi masa araha. Mai kai dabbobi, wake ko aya Jibiya da Illela kuwa nairar ake biyansa, in ya canza ta sai ya ga ta tsuke. Haka aiken ƴan ci-rani ya tsuke a hannun iyalansu, waɗanda su ne masu sayayya a kasuwannin ƙauye. Mai ɗan injin matsar man gyaɗa ko mai yin sabulu a gida shi ma ya tsinci kansa yana gasa da kayan da suka fi nasa araha ba don sun fi kyau ba. Janye tallafin mai a Najeriya ya kuma karya sana'ar ƴan ruwa-ruwa, buƙata ta koma kan matatar SORAZ mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Hukumomi sun ɗauki matakan rage raɗaɗi. A watan Yulin 2024 an sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, a watan Oktoba aka rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100. Ƴan kabu-kabu da magina sun gani a aljihunsu. Amma irin waɗannan matakai mai saye suke taimaka wa kai tsaye, ba su maido da jarin da ya maƙale.

Kuma maƙalewar jari ita ce cutar da ke kashe ƙananan masana'antu. A watannin takunkumi baitulmali ya tara basussukan ƴan kwangila da masu kai wa ma'aikatu kaya. Ɗan kwangilar da ya gina azuzuwa bai karɓi kuɗinsa ba, don haka bai biya mai sayar da ƙarfe da fenti ba, shi kuma bai biya banki ba. Bankin da bashinsa bai dawo ba sai ya ƙara tsaurara sharaɗi ga kowa, har da wanda bai taɓa yi wa gwamnati aiki ba. Saboda haka taimako mafi sauri da hukuma za ta yi wa ƙananan kamfanoni bai buƙatar sabon tsari ko sabon ofishi: ta biya abin da ake binta, ta kuma fara da ƙananan takardun biya. Miliyan 5 da aka biya mai kafinta a Tasawa za su zagaya hannu goma a cikin garin kafin wata ya ƙare, alhali biliyan guda da aka biya babban kamfani yawanci a banki yake tsayawa.

Cibiyoyin tallafi ba su yi ƙaranci ba. Akwai asusun FONAP na tallafa wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni, akwai SAHFI mai tsaya wa ɗan kasuwa garanti a banki, akwai Maison de l'Entreprise da ke sauƙaƙa rajistar kamfani, akwai FAFPA ta horar da masu sana'a. Matsalar tana bakin ƙofa. Kusan duk wanda zai ba da bashi yana son ganin lambar haraji ta NIF, da rajistar kasuwanci, da lissafin shiga da fita. Mafi yawan masu sana'a ba su da ko ɗaya, kuma ba rashin sani ne ya hana su ba. Tsoron lanho ne. A tunanin mai butiki, ranar da ya shiga kundin hukuma ranar ya kira mai karɓar haraji da bakinsa, wataƙila har da na shekarun baya. Dokokin OHADA sun tanadi matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa tun 2010, da lissafi ɗan taƙaitacce, amma matsayin ba zai ja kowa ba sai an ce a fili wanda ya yi rajista ba za a tone masa baya ba, kuma harajinsa za a rarraba masa shi ya dace da lokacin ciniki, kamar kaka da gabanin salla. Tarurrukan horo na kwana uku a otal, da kuɗin zama da hoton rufewa, ba su taɓa warware wannan ba.

Ko ƙofar ta buɗe, sai a tarar da tsada. Doka ta yarda asusun ba da ƙananan basussuka su karɓi har kashi 24 cikin 100 a shekara. A ce mai sayar da atamfa ta ari jaka 500 ta riƙe shekara cur, za ta iya biyan jaka 120 a kai, wato jaka 10 kowane wata kafin ta ci ribar sisi. A lokacin da kaya ke fita ana iya jurewa, a lokacin da suke kwana a kanta bashin ne ke cin jarin. Ga kuma waɗanda ba su kusantar kuɗin ruwa saboda addini, kuma suna da yawa a Maradi da Damagaram. BCEAO ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci tun 2018, ciki har da murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka amince tun farko. Garantin hukuma zai fi tasiri in ya bi ta wannan hanyar, domin nan ne masu sana'a da dama za su yarda su shiga.

Abin da ya fi aiki a ƙasar nan kuwa daga cikinta ya fito. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maradi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, sun nuna cewa mata 20 ko 30 masu zubin mako-mako na iya ranta wa junansu ba tare da takardar fili ba, har aka kwaikwayi tsarin a ƙasashe da dama. Haka tsarin ajiye amfanin gona a mangaza mai makulli biyu a karɓi bashi a kansa, wanda ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, ya hana manoma da yawa zubar da hatsinsu da arha a kaka. Masu sana'ar gari ba su yi amfani da wannan dubarar yadda ya kamata ba. Teloli goma da suka haɗa kuɗi suka sayi zare da yadi a sari, ko suka kafa faifan hasken rana guda don kekunansu, sun rage abin da katsewar kuran ke ci musu a lokacin zafi. Ƴan kasuwa biyar da suka cika mota guda daga Lome sun raba kuɗin hanya da na jira.

Akwai kuma abin da babu wanda zai yi wa mai sana'a sai shi. Aljihun gida da na butiki guda ne a wurin mutane da yawa: kuɗin cefane, gudunmawar suna da biki, bashin maƙwabci da ake jin nauyin tambaya, duk daga akwati ɗaya suke fita. Kaye na dala ashirin da ake rubuta abin da ya shiga, abin da ya fita da wanda ake bi, shi ne ke nuna wa mutum ko riba yake ci ko uwar kuɗi. Shi ne kuma takarda ta farko da mai ba da bashi zai nema. Tarihin aike da karɓa ta Nita, Amana ko Al Izza ma shaida ce ta ciniki, in bankuna suka yarda su karanta ta.

Sai dai rubutu a kaye ba ya kare mutum daga dokar da ta sauka ba zato. A watan Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Matakin ya taimaka wajen sauke farashin tiya, magidanta sun samu sa'ida, amma wanda ya ci bashi ya cika mangaza da niyyar kaiwa Najeriya ya kwana a ciki. Da an sanar da wa'adi da ranar sake dubawa, da asarar ta ragu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da majalisarsu ta CCIN na da hujjar neman a riƙa tuntuɓarsu kafin irin wannan mataki, kamar yadda suke da hujjar duba kasafin kuɗin baɗi su ga nawa aka ware don biyan bashin cikin gida, da kuma waɗanda aka sa a gaban layi.