An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗingishin Hoto a Gidan Kallo

Akwai wani aibi a hoton talabijin wanda kusan kowa ya taɓa gani, amma kaɗan ne suka san daga inda yake fitowa. Kyamara tana bin jarumi a hankali daga hagu zuwa dama, sai bishiyoyi da gidajen da ke bayansa su riƙa tafiya suna cijewa. Sunayen ma'aikata da ke hawa sama a ƙarshen fim su riƙa karkarwa. A bugo ƙwallo daga kusurwa, maimakon ta yi lilo ta sauka, sai ta taho tana tsalle-tsalle. Hoton bai tsaya ba, sauti bai yanke ba, launi yana nan garau, tafiyar ce kawai ta gurgunce. Sunan da ya fi dacewa da wannan shi ne ɗingishi, domin abin da ke faruwa ke nan: taku ɗaya dogo, taku ɗaya gajere.

A ɗauki mai gidan kallo ko mai shagon wasan PlayStation a wani ƙauye a yankin dajin Birnin Gwari. Idan ya ga ɗingishi, abin da za a fara gaya masa shi ne faifan ya karce. Ya goge faifai, ya sake wani, abin yana nan. Sai a ce idon na'urar ne ya gaji. Daga nan a koma kan janareta, a ce wutarsa ce ba ta da ƙarfi. A ƙarshe a ce ya sayi wayar HDMI mai tsada, ko ya sake akwatin gaba ɗaya. Kowace shawara kuɗi ce, wata ma tafiya ce zuwa Birnin Gwari ko Kaduna, a kan hanyar da ta shafe shekaru mutane suna bin ta da addu'a a baki. Ya dawo, ya haɗa sabon kaya, hoton ya ci gaba da ɗingishinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Faifan da ya karce maƙalewa yake yi, ko hoton ya farfashe, ko ya tsallake wani wuri. Wutar janareta marar kyau tana kashe na'ura ko ta ƙona ta, amma ba ta sauya takun hoto, domin na'urorin zamani da agogonsu na ciki suke aiki. Wayar HDMI kuwa, idan ta lalace, ɗigo-ɗigo take kawowa ko hoton ya riƙa ɗaukewa. Ɗingishi mai tsari, wanda ke maimaita kansa daidai wa daida, matsalar lissafi ce, kuma yawanci maganinsa yana cikin saitin na'urar da mutum ya riga ya mallaka.

Lissafin da ba ya rabuwa

Fim jerin hotuna ne sandararru da ake nunawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sauti ya shiga silima, aka tsaya a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa. Talabijin kuwa da wutar lantarki aka ɗaure shi. A Amurka wuta tana juyi 60 a daƙiƙa, don haka tsarinsu na NTSC yake sabunta fuskar akwati kusan sau 60, Japan ma ta bi wannan tsari. A Ingila da Nijeriya wuta tana juyi 50, tsarin PAL yake sabunta fuska sau 50, wato cikakkun hotuna 25. Nijar ta ɗauki tsarin Faransa na SECAM, shi ma a kan 50 yake.

To a raba 60 gida 24. Ba ta rabuwa. Dabarar da aka yi ita ce a nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, na huɗu sau biyu, har a cika: 12 sau uku, 12 sau biyu, jimla 60. Lissafi ya fita, amma hoto ɗaya yana zama kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, mai bi masa yana zama kashi ɗaya cikin 30. Ga dogon taku, ga gajere. Ƙasashen PAL sun bi wata hanya: suka ƙara wa fim gudu daga 24 zuwa 25, kowane hoto ya fito sau biyu. Tafiyar ta daidaita, sai dai fim ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, fim na awa biyu ya rasa kusan minti biyar, muryoyi da kiɗa suka ɗan yi sama.

Sauran haɗe-haɗen sun fi muni. Idan aka tilasta wa hoto 25 shiga akwatin da ke kan 60, sai takun ya zama biyu, uku, biyu, uku, biyu. Wasan ƙwallon Ingila da ake watsawa a kan 50, idan aka mayar da shi 60, dole a maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar, sau goma a daƙiƙa. Abin da aka ɗauka da waya a kan 30, idan aka matse shi zuwa 25, sai an jefar da hoto ɗaya cikin kowane shida. Ko bambancin da ke tsakanin 24 cif da 23.976, wanda yawancin faya-fayan Blu-ray ke ɗauke da shi, yana haifar da tuntuɓe ɗaya a kusan kowace daƙiƙa 42 idan na'ura ba ta bambance su ba.

Inda aka yi ƙorafi, an gyara

Wannan matsala ta taɓa manyan kamfanoni, kuma yadda aka yi da su darasi ne. Da Blu-ray ya fito a 2006, faifan yana ɗauke da fim a kan takunsa na asali, amma na'urori da yawa suna mayar da shi 60 kafin ya isa akwati. Masu kallo a Turai, waɗanda idonsu bai saba da takun uku-biyu ba, suka ga faifan da suka saya da tsada yana ɗingishin da tsohon DVD ɗinsu ba ya yi. Suka yi magana. A 2007 Sony ta sabunta manhajar PlayStation 3 yadda za ta iya fitar da fim a kan 24 kai tsaye. A Nuwamban 2013 Microsoft ta fito da Xbox One, wanda ake iya haɗa dikodar tashoshi ta cikinsa, sai ga shi yana mayar da shirye-shiryen Ingila na 50 zuwa 60, wasan ƙwallo yana karkarwa. Aka yi ca a kan kamfanin, a watan Maris na 2014 ya fitar da gyara. A duk biyun ba wanda aka ce ya sake waya ko ya goge faifai. Masu saye sun san abin da suke gani, sun kira shi da sunansa, aka ji kunyarsu.

A ƙasar Hausa kuwa, duk tsare-tsaren duniya ne suka haɗu a rumfa ɗaya. Akwatin na iya zama ɗan gwanjo daga Turai ko Amurka, na'urar faifai daga Sin, PlayStation daga Japan, fim ɗin Indiya da aka ɗauka a kan 24 aka fassara a Kano, shirin Hausa da aka haɗa da kyamara biyu kowace da nata saiti. Sannan ga mai tura finafinai a kasuwa, wanda ke matse komai da manhaja don ya shiga katin waya, ba tare da ya duba wane taku ya zaɓa ba. Ɗingishin da aka gasa cikin fim a wannan mataki ba ya fita har abada, ko da an sa shi a akwatin da ya fi kowane tsada.

Laifin wa?

Kaso na farko na 'yan kasuwa ne da suka mayar da haruffan HD da 4K laya. Waɗannan haruffa yawan ɗigon hoto suke nufi, ba su ce komai a kan tafiyarsa ba. Har faya-fayan da aka cusa wa finafinai goma ko ashirin ana buga musu tambarin Blu-ray a bango, alhali faifan Blu-ray na gaskiya, mai ɗaukar gigabait 25, ba ya ko buɗewa a na'urar DVD, wadda faifanta ke ɗaukar 4.7. Duk faifan da ya yi wasa a tsohuwar na'urar DVD, tambarin da ke jikinsa ado ne kawai.

Kaso na biyu na masu shirya fim ne. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta wuce shekara 30, ta tashi daga kaset zuwa VCD, zuwa DVD, zuwa Arewa24 da YouTube. Ba ta da uzurin ɗaukar fitowa ɗaya a kan 24, ta biyu a kan 30, a tace su a kan 25. Darakta zai kwana yana gyaran haske da kwalliyar jaruma, ya bar lamba ɗaya a kyamara ta lalata duk wurin da aka yi tafiya ko rawa.

Kaso na uku na masu gyaran da ke sake kaya kafin su buɗe saiti. Wani ma yana kunna dabarar nan ta sababbin akwatuna da ke ƙirƙiro hotunan ƙarya a tsakanin na gaskiya don motsi ya yi santsi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ɗingishi ya ɓuya, amma fim ya koma kamar bidiyon biki, gefen duk abin da ke gudu ya riƙa yagewa. A Disamban 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fito suna roƙon masu kallo su kashe wannan dabara, a 2019 kuma aka ɓullo da saitin Filmmaker Mode don kashe ta da taɓawa ɗaya.

Ina ruwan mai fama da 'yan bindiga?

Za a ce mutanen da suka ga sace-sace da ƙone-ƙone, suka bar gonakinsu, ba su da lokacin damuwa da takun hoto. Wannan magana kamar tausayi take, amma raini ne a cikinta. A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta dakatar da kasuwannin mako, daga ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya na tsawon makonni. A irin wannan hali mutumin birni ne kawai ke da zaɓi. Na ƙauye abin da ke cikin faifai da katin waya shi ne kallonsa, fetur ɗin da ya ƙona a janareta kuwa da ƙyar ya samo shi. Wanda ya fi kowa wahalar samun kallo shi ya fi cancantar a ba shi mai kyau, kuma shi ne asarar sayen na'urar da ba ya buƙata ta fi yi wa ciwo. Yanzu da sulhun ƙarshen 2024 ya sa kasuwannin yankin suka fara buɗewa, matasa za su sa ɗan jarinsu a irin waɗannan sana'o'i. Bai kamata jahilcin lamba uku ya cinye shi ba.

Za a kuma ce ido yana sabawa. Gaskiya ne, kamar yadda kunne ke sabawa da ƙarar janareta, amma sabo da aibi ba ya mayar da shi daidai. Abin da ya wajaba a amince da shi ɗaya ne: fim na hoto 24 yana da 'yar rawarsa ta asali idan kyamara ta juya da sauri, ko a babbar silima ana ganin ta. Wannan halittarsa ce, kuma takunta daidai yake. Wanda ake magana a kai shi ne ƙarin da rashin kula ya ɗora.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A na'urar DVD, a shiga saitin tsarin talabijin a zaɓi AUTO, don faifan PAL ya fita a PAL, na NTSC ya fita a NTSC. A PlayStation, a bar fitar da 24Hz a kunne idan akwatin yana karɓa. Dikoda da ƙananan akwatunan Android a sa su a 50Hz don ƙwallo da shirye-shiryen gida. Mai tura fim ya bar yawan hotuna yadda ya same shi, ya rage nauyi ta wata hanya. Mai shirya fim ya zaɓi lamba ɗaya tun ranar farko, kuma 25 ce ta dace da wutar ƙasar da tashoshinta. Ƙungiyar MOPPAN tana iya mayar da wannan ƙa'ida ga 'ya'yanta a takarda shafi ɗaya. Mai sayen akwati kuwa, kafin ya biya, ya sa a kunna masa wasan ƙwallo da ƙarshen wani fim inda sunaye ke hawa sama, ya zuba ido minti ɗaya. Idan rubutun ya hau sumul, ya biya. Idan ya ga ɗingishi, a buɗe saiti a gabansa, in ya ƙi gyaruwa ya riƙe kuɗinsa.