Tafiyar Ƙasa da Sanin Daji: Gadon da Bai Kamata Malamin Hausa Ya Yar Ba

Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2024, wani matashi ɗan ƙasar Ingila mai suna Russ Cook ya isa bakin teku a arewacin Tunisiya, bayan ya taso da ƙafa daga ƙarshen kudancin Afirka ta Kudu. Kwana 352 ya yi a kan hanya, ya ratsa ƙasashe 16 har da Nijeriya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 16,000. Masu irin wannan sha'awa suna da yawa, ko da yake akasarinsu ba su ɗora wa kansu wahala kamar tasa. Sukan goya jaka a baya, su kama hanya daga Alƙahira zuwa ƙarshen nahiyar ta kudu, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa, suna kwana a tanti, suna kallon duwatsu da koguna da namun daji.

Idan aka ba wa matashi wannan labari a Danja ko a Funtuwa, abin da zai fara cewa shi ne, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Yana da hujjarsa, amma ya manta cewa kakanninsa sun riga Turawan nan ratsa Afirka da ƙafa. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, tafiyar ƙasa tana cikin manyan hanyoyin da suka gina harshen Hausa, kuma malamin da bai taɓa taka daji ya ga itatuwa da tsuntsaye da dabbobin da yake ambato a aji ba, akwai giɓi a cikin koyarwarsa. Don haka ya kamata a mayar da tafiyar ƙasa wani ɓangare na horar da malaman Hausa.

Bahaushe da Doguwar Tafiya

Tun kafin zuwan mota da jirgin ƙasa, Bahaushe ya san manyan hanyoyi guda uku. Ta farko ita ce hanyar yamma, wadda fatake suke bi zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, domin sayo goro a kasuwar Salaga. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya shafe watanni kafin ya dawo gida. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma shi ne mai shiga gaba. Inda aka sauke kaya aka kwana shi ne zango, kuma har gobe unguwannin baƙi a Kumasi da Akara suna amsa sunan da ya samo asali daga wannan kalma.

Ta biyu ita ce hanyar gabas, wato hanyar alhazai. Maniyyaci yakan bi ta Barno, ya shiga Cadi, ya wuce Abashe, ya ratsa Darfur da Kurdufan, ya kai bakin Bahar Maliya, sa'annan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutane da yawa sun yi shekaru a kan wannan hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, sannan su ci gaba. Wasu ba su dawo ba. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan.

Ta uku ita ce hanyar arewa, wadda ta ratsa Sahara ta Agadas zuwa Tarabulus. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya yi wa Bajamushen nan Heinrich Barth hidima, ya bi shi har Tambutu, daga baya suka ƙetare hamada suka isa Ingila a shekarar 1855. Labarin da ya bayar da bakinsa yana cikin littafin Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885, kuma yana daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka rubuta da Hausar boko. Daga baya Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi game da zuwansa Ingila a 1943. Ke nan, labarin tafiya tsohon fanni ne a adabin Hausa.

Abin da Hanya Ta Bar wa Harshe

Mai tafiya a ƙasa dole ne ya karanci daji, domin rayuwarsa ta dogara a kan hakan. Dole ya san cewa inda giginya ta yi yawa ruwa bai yi nisa ba. Dole ya bambance sawun kura da na damisa, ya san itacen da ake cin 'ya'yansa da wanda ake gudu, ya san saiwar da ke tsayar da gudawa. Wannan buƙata ita ta haɗa falke da maharbi da makiyayi da manomi a kan sani guda, kuma ita ta cika harshen da sunaye. Hausa ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba wajen kiran namun daji masu ƙaho: akwai gada, da barewa, da mariya, da kanki, da mazo, da gwanki, da ɓauna, kowace da kamanninta da inda take zama. Haka nan itatuwa, daga kuka da ɗorawa da kaɗanya, zuwa marke da kanya da ɗinya da aduwa.

Daga waɗannan sunaye ne karin magana da tatsuniya da kirari suka ginu. Idan malami ya rubuta a allo cewa ko da girgiza kurna ta fi magarya, sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne bambancin kurna da magarya?", amsar ba ta cikin ƙamus kaɗai. Tana ga wanda ya tsaya a gindin kowace, ya ga girman kurna da inuwarta, ya ga yadda magarya take gajeruwa cike da ƙaya. Haka kuma wanda bai taɓa ganin barewa ta zabura ba, zai faɗi cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma hoton da maganar take ɗauke da shi ba zai zo masa ba. Sau da yawa malami yakan kuɓuta da cewa "wata irin dabba ce" ko "wani irin icce ne". Da wannan amsa ake binne kalma, domin yaron da aka ba ta ba zai sake amfani da kalmar ba, balle ya koya wa na bayansa.

Yau maniyyaci yana tashi daga Katsina ko Kano ya sauka Jidda cikin sa'o'i kaɗan. Wannan rahama ce da ba wanda zai raina. Sai dai tafiyar jirgi da ta mota ba su koya wa matafiyi sunan ko da icce ɗaya. Ana barin gida ana isa masauki ba tare da an san abin da ke tsakani ba.

Hujjojin Masu Suka

Akwai hujjoji uku da akan kawo a kan wannan ra'ayi, kuma kowace tana da nauyinta.

Ta farko ita ce rashin tsaro, kuma ita ce mafi ƙarfi. Dazuzzukan da suka fi kusa da kudancin Katsina, irin su Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da Rugu da Kogo, sun yi shekaru suna zama maɓoyar 'yan bindiga. Iyaye ba su manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba. A wannan shekarar ce kuma aka kashe mutum 8 a Kure ta Jamhuriyar Nijar, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. Tsohuwar hanyar alhazai ta Darfur, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya mayar da ita wurin da matafiyi ba ya kusanta. Duk malamin da zai kwashi yara ya nufi irin waɗannan wurare ya yi ganganci, kuma ba abin da ake kira gare shi ke nan ba. Abin lura dai shi ne, rashin tsaro ya hana doguwar tafiya ne, bai hana gajeruwa ba. Bugu da ƙari, ya kamata masu ilimi su riƙa lissafa rufewar daji a cikin asarar da fitinar ta jawo. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga dajin Kogo da na Falgore zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, amma gandun da ɗalibi ba ya iya shiga bai amfane shi da komai ba tukuna.

Ta biyu ita ce talauci. Akan ce wanda yake neman kuɗin makaranta ba shi da halin yawon buɗe ido. Gaskiya ne idan ana maganar tikiti da masauki. Amma tafiyar ƙasa ita ce mafi arha a cikin tafiye-tafiye. Guzurinta gorar ruwa ne da ƙuli-ƙuli da littafin rubutu da alƙalami.

Ta uku ita ce cewa kakanni ba don sha'awar daji suka yi tafiya ba. Falke riba yake nema, alhaji kuma ibada, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan ayari bayi ne da ba su zaɓi tafiyar ba. Wasu sun mutu da ƙishirwa, wasu 'yan fashi sun tare su. Wannan ma haka yake, kuma bai dace a yi wa tarihi kwalliya ba. To amma ilimin da aka samo da wahala bai zama na banza ba don an sha wahala wajen samunsa. Hasali ma wannan ne ya sa zubar da shi ya fi zama abin takaici.

Daga Ina Za A Fara?

Masu iya magana sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Ɗalibin da aka tura koyon aikin koyarwa a Danja ko Dabai ko Tandama ba ya buƙatar fasfo kafin ya fara. Ƙasar Danja ƙasar noma ce, ta shahara da rake da tumatir, tana da fadamu da rafuka da gonaki masu itatuwa. Tafiyar sa'a biyu da safe daga makaranta zuwa fadama ta isa darasi. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a tabbatar da lafiyar hanya, a fita da rana a dawo da rana. Abu mafi muhimmanci shi ne a tafi da dattijo ɗaya, tsohon maharbi ko makiyayi ko mai maganin gargajiya, domin shi ne littafin ranar.

A kan hanya yara za su ga gawo, su ji dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki, da rani kuwa ya yi kore ya ba dabbobi abinci. Za su ga balbela tana bin shanu, da zalɓe a bakin ruwa. Idan farkon damina ne za su ga shamuwa, sai malami ya gaya musu cewa tsuntsuwar nan da ke sheƙa a bakin gari tana yin kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ta dawo da ƙaratowar ruwa. Ashe mai ratsa nahiya yana nan a kan iccen ƙofar gida. Kowane yaro ya rubuta suna, ya siffanta abin da ya gani, ya tambayo karin magana ko tatsuniyar da ta ambace shi. Da yake Danja tana bakin iyakar ƙasar Katsina da ta Zazzau, za a iya cin karo da abu ɗaya mai suna biyu, wanda hakan kansa darasi ne a kan karin harshe. Daga fita ɗaya an sami insha'i da ƙamus da adabin baka.

Kwalejojin ilimi kuwa suna iya faɗaɗa abin gwargwadon hali da lafiyar hanya. Akwai gandun Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, inda har yanzu ake samun giwaye. Akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka da hunturu. A jihar Maraɗi akwai gandun Gadabeji, inda aka kai wasu raƙuman dawa daga Kure a shekarar 2018. Labarin waɗannan dabbobi abin koyi ne: a tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce 50 ba, amma da aka kare su tare da haɗin kan manoman yankin, sai da suka haura 600. Ya kamata irin wannan ziyara ta zama aikin da ake ba maki, a ce kowane ɗalibi ya kawo rahoton tafiya da jerin sunayen da ya tattara, ba fita shan iska da ɗaukar hoto kawai ba.

Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa ratsa nahiya da ƙafa tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe, kuma sanin daji da ya zo da ita yana nan a cikin kalmomi da karin maganar da malami yake koyarwa kullum. Manyan hanyoyin sun toshe a yanzu, wasu dazuzzukan kuma ba su shiguwa, amma fadama da gona da bakin rafi suna nan, dattawan da suka san sunayen ma ba su ƙare ba tukuna. Sai dai kowace shekara suna raguwa. Malamin da ya bari sai an sami cikakken zaman lafiya kafin ya fita da ɗalibansa, yana iya tarar da daji ya buɗe amma babu mai gaya masa sunan abin da ke ciki. Gani ya kori ji, kuma ɗalibin da ya tsinci kurna da hannunsa ba zai sake tambayar bambancinta da magarya ba.