Rediyon Bai Mutu Ba, Mu Muka Yi Masa Likkafani

Ran Asabar na je gaida kawuna, sai na tarar da ɗan gwangwan a ƙofar gida yana shirin ɗora rediyonsa mai kaset a kan sikeli. Babban rediyo ne ƙirar National, mai lasifika biyu. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Ai ya mutu, ɗana." Na roƙi arziki aka fasa cinikin. Kafin la'asar muryar Shata ta cika zauren. Abin da na saya bai wuce roba guda da auduga da 'yar kwalbar sifirit ba.

Ban ga laifin kawu ba. Laifin namu ne, mu 'yan jami'a, da muke ganin riƙe sukundireba ƙasƙanci ne, amma ga mu da iya cika baki a kan "adana adabin gargajiya". To, da me za a saurari adabin in an kai na'urar bola?

Jama'a, yawancin abin da muke kira mutuwar rediyo ƙura ce da roba da waya. In ka sa kaset injin yana gurnani amma zaren ba ya tafiya, ko murya tana jan ƙafa kamar ta mai maye, to robar da ke juya shi ce ta saki, ko zafi ya narkar da ita ta koma kamar kwalta. A goge, a sa wata daidai da ita. In murya ta dushe, kan da ke karanta zaren ne ya yi datti, don kuwa zaren kaset yana zubar da garin tsatsar da aka shafa masa. Naɗa auduga a tsinke, tsoma a sifirit, ka goge a hankali. Haka za ka yi wa ƙaramar tayar roba da sandar ƙarfen da ke matse zaren, domin dattinsu ke sa rediyo ya ci kaset, mu kuwa sai mu tsine wa kaset ɗin.

Ƙarar "ƙurrr" in ka murɗa maɓallin murya, ƙurar hunturu ce. Kashe rediyon ka yi ta murɗa shi gaba da baya. In lasifika ɗaya ta yi shiru, musanya wayoyinsu: in shirun ya bi lasifikar, ita ce ko wayarta, in ya tsaya a gefe guda, matsalar tana ciki. Nan kam a kai wa mai gyara, don akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare soket. Kada kuma wani gwani ya naɗe fis da takardar taba. Fis ya ƙone ne don rediyo ya tsira. Wanda aka kawo daga Amurka kuwa, wutarsu 120 ce, tamu 230. A duba kafin a jona.

Na san wani zai ce ai komai yana cikin wayar salula yanzu. Ƙarya ne! Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma wasan da irinsu suka yi a gidajen biki, in an ɗauka, a kaset aka ɗauka. Ina tafsirin malamin unguwarku? Ina saƙonnin da iyayenmu suka riƙa aikowa gida a kaset daga Makka? Tun 1963 da kamfanin Philips ya fito da kaset, bai taɓa yi mana alkawarin zaren zai dawwama ba. Zafi da laima suna cin sa kullum.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, ku yi mini afuwa: kwalayen kaset ɗin da kuka ɗauko daga ƙauyuka lokacin bincikenku, yaushe rabon da wani ya saurare su? Kun ce mu nazarci waƙar baka, ga ta a ƙarƙashin teburinku gara tana zagaya ta.

A cikin kwalin kawu mun sami kaset mara suna. Muryar mahaifiyarsa ce, tana yi masa faɗa ya dawo gida ya yi aure. Sau uku ya sa na maido masa da ita. Na jona rediyon da kwamfuta na kwafe masa. Sukundirebata tana nan, da sauran sifirit. Mai rediyon da "ya mutu" ya kawo shi taron ƙungiya ran Alhamis, tare da kaset ɗinsa.