ZAUREN 'YAN MATA: Yadda Magena Ta Tsira Daga Buhu

Yau dai ku yi mini afuwa, ba zancen soyayya na zo da shi ba. Zancen mage ne, amma wallahi sai da ya sa ni hawaye.

Ina da wata mage mai baƙi da fari, tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bakin kwata ranar da aka sheƙa ruwa. Kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, ga kamun ɓera. Tun zuwanta buhunan sitonmu suka huta, har da takardun da nake rubuta labari. Matsalarta ɗaya, kashi. Tsohon daro na cika da yashi na ajiye mata a lungun ɗakinmu, nan take yi. Ranar da na sha'afa ban zubar ba kuwa, tabɗi! Ko turaren wuta ba ya maganin ɗakin.

Ana nan sai Yayarmu ta zo goyon ciki, cikinta wata 7. Ran nan ta dawo daga awo ta ce malamar asibiti ta ja musu kunne a kan kashin mage. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma da ke iya fitowa a cikinsa, in ta kama mai ciki tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jariri, ko ta jawo ɓari. Umma na jin haka ta ajiye muciya.

"Ke, gobe-goben nan a sa magen nan a buhu a kai ta bayan gari."

"Umma don Allah ki yi haƙuri, zan koya mata fita waje."

"Magen za ki koya wa? To, na ba ki sati 2. Na ƙara jin warin nan a ɗaki, sai buhu."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ban ga laifin Umma ba, lafiyar jikanta take karewa, amma da na tuna magen a bayan gari cikin karnuka sai hawaye.

Da safe na yi wautar farko, na ɗauke daron gaba ɗaya. Ai kuwa kafin azahar ta yi a bayan ƙofa. Ƙanena ya bi ta da tsintsiya, ta ɓuya wuni guda, daga nan ta koma yi a ƙarƙashin gado. Kakarmu da ke kallon ikon Allah ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, boko bai koya miki wannan ba? Duka ba ya koya wa mage komai sai tsoronki. Da hanci take gane wurinta, bi ta ta hancin."

Na mayar da daron, na sake sabon lale.

Da farko na zaɓi wuri a bayan ɗaki jikin katanga, inda ba hayaniya, nesa da madafa da rijiya, nesa da inda yara ke wasan ƙasa da inda muka shuka alayyafo. Na sassaƙe ƙasar da fartanya na zuba yashi mai laushi, zurfin kamar tafin hannu, domin ɗabi'ar mage ce ta tona ta binne abinta, ba ta son wuri mai tauri.

Sai na shiga matsar da daron kullum, taku 2 ko 3, daga lungu zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa tsakar gida. Kullum kuma ina ɗebo ƙasar sabon wurin ina gauraya wa yashin, don ta saba da ita. Da ta ci abinci ko ta tashi daga barci, lokacin da ta fi matsuwa ke nan, sai in ɗauke ta in ajiye ta a daron in ja baya. In ta yi, in shafa kanta in ba ta ɗan busasshen kifi.

Tsohon lungun da ƙarƙashin gadon na wanke su tas da omo da ruwan zafi, don muddin ta ji warin za ta koma. Na kuma mayar da kwanon abincinta lungun, tunda mage ba ta son ɓata inda take ci.

Ran kwana na 9 daro ya isa jikin katanga. Na juye yashinsa a ƙasa har da ɗan tsohon kashin, na kife daron na ɓoye. Na jingina guntun langa-langa a sama saboda ruwa, da dare kuma na bar mata kafar fita ta taga. Kada ki rufe mage ruf sannan ki ga laifinta.

Ran kwana na 12 Umma na alwalar asuba ta hango ta tana tona, ta gama ta binne abinta tsaf. Da gari ya waye ta dube ni ta ce, "Ashe dai magen taki ta fi wasu mutanen hankali." Ba a ƙara zancen buhu ba.

Sai dai 'yar uwa, kada ki ce ta koma waje shi ke nan an huta. Ƙwayar cutar nan sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, shi ya sa nake kwashewa kullum. Ki sa leda a hannu, ki zuba a masai, ki wanke hannu da sabulu. Mai ciki kuwa ko kusa kada ta taɓa ƙasar wurin. A hana yara wasa a nan saboda tsutsar ciki, a kuma kai magen wajen likitan dabbobi don rigakafi da maganin tsutsa. 'Yar jaririyar mage, ko tsohuwa, ko marar lafiya, a bar mata daronta a kusa, a dai fitar da shi daga ɗakin kwana.

Yaya ta sauka lafiya, an sami mace, har mun sha suna. Magen kuma ga ta nan kwance a kan ƙafata ina wannan rubutu. Dama Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wadda ta gwada ta rubuto mini yadda suka ƙare da tata magen. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, zan biya ku bashin labarin soyayya.

Taku har kullum.