Makin JAMB Kaɗai Bai Isa Ya Zaɓa Wa Ɗalibin Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa Kwas Ba

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar UTME kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne a darussa huɗu, cikin awa biyu, jimillar maki 400. Tsarin ya rage satar amsa, ya kuma sa sakamako na fitowa da wuri. Sai dai yana auna abu biyu a lokaci guda: abin da ɗalibi ya sani, da kuma yadda hannunsa ya saba da na'urar. Ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta yakan ɓata mintuna masu tsada wajen neman inda zai danna.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa wannan matsala ta fi nauyi. A watan Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya jawo rufe makarantu a jihar. A watan Satumbar 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da waɗannan ukun, aka shafe watanni babu kira babu data. Yaron da ya taso cikin wannan yanayi, karatunsa ya yi ta tsinkewa, idan ya ci 150 ba lallai ne iyakar ƙwaƙwalwarsa ke nan ba. Amma da wannan lamba ɗaya ake yanke masa hukuncin inda zai dosa.

Kuskuren ma yakan fara tun kafin jarrabawa. Ɗalibi ya yi doguwar tafiya zuwa cibiyar rajista a babban gari kamar Funtuwa ko Katsina, layi ya yi tsawo, yana son komawa gida kafin duhu saboda hanya. Mai shigar da bayanai ya tambaye shi kwas, ya faɗi wanda ya ji abokai na faɗa. Mai neman aikin likita dole ya haɗa Turanci da Physics, Chemistry da Biology. Mai neman injiniya kuwa sai da Lissafi. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci maki 280, makarantar da ya zaɓa ba za ta ɗauke shi a wannan kwas ba. Daga nan sai biyan kuɗin canji, ko zaman shekara guda a gida.

Wayar da ke aljihun ɗalibi na iya toshe rabin wannan ɓaraka. JAMB na da shafin IBASS, inda ake ganin darussan da kowane kwas ke buƙata a kowace makaranta, da manhajar karatun kowane darasi. Duba shi kafin a bar gida ya fi komai araha. Akwai kuma manhajojin gwajin CBT da ke aiki ba tare da data ba bayan an sauke su. Wanda ya sayi ƙaramar wayar OTG zai iya jona kibod a wayarsa ta Android, ya saba da maɓallan da jarrabawar ke amfani da su: A zuwa D don amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Jarrabawar gwaji ta JAMB ma, duk da ba dole ba ce, ta cancanci kuɗin motarta. Layin da aka tura lambar NIN da shi zuwa 55019 kuwa a riƙe shi da kyau, domin shi ke ɗauke da rajistar ɗalibi.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne CAPS, tsarin bayar da gurbi da JAMB ta ɓullo da shi a 2017. A can ɗalibi ke karɓa ko ƙin gurbin da aka ba shi, a can kuma makaranta ke neman amincewarsa idan za ta mayar da shi wani kwas. Wanda ya bar kalmar sirrinsa a hannun mai shagon kafe, to wani na iya danna masa amincewa da karatun da zai yi shekara uku ko huɗu yana ƙi.

Sauran nauyin yana kan makarantu. Ita kanta JAMB ta amsa a watan Mayun 2025 cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya nemi afuwa aka sake musu jarrabawa. Lambar da za ta iya kuskurewa haka bai kamata ta zama alƙali ita kaɗai ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar AB 705 ta 2017 ta wajabta wa kwalejojin al'umma duba sakamakon sakandaren ɗalibi wajen sanya shi a ajin Turanci da Lissafi, maimakon dogaro da gwaji ɗaya. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina za su iya yin makamancin haka: su haɗa makin UTME da sakamakon WAEC ko NECO, su zauna da sabon ɗalibi na 'yan mintuna kafin a tura shi sashen da ke da sauran kujeru.

Ɗalibai ma su daina ɗaukar NCE, ND ko karatun share fage a matsayin faɗuwa. Makarantar SBRS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Funtuwa, kusa da gida, kuma IJMB na kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye. Shekara guda ta gyara tushe ta fi shekara huɗu a kwas ɗin da wani ya zaɓa cikin gaggawa. Shugabannin ƙananan hukumomin uku su samar da kwamfutoci goma da sola a sakatariya, matasa su riƙa gwaji kafin ranar ta zo.